Tambaya Ɗaya a Majalisar 'Yan Albasa ta Mamobi

Tun da na dawo daga Ghana ba ku bar kunnena ya huta ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a waya: yaya Ankara babban birninsu, yaya teku, da gaske titunansu ba rami? Wani ma cewa ya yi na yi ƙiba, wai abincin can ya karɓe ni. Ƙibar me? Kumburin zaman mota ne. To ga shi zan faɗa sau ɗaya a rubuce, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Teku dai ta tagar mota na hango ta, kada wani ya sa rai da labarinta.

Ga wanda bai sani ba, digiri na biyu nake yi a fannin tattalin arzikin noma, kuma bincikena a kan albasa yake: yadda take barin fadamunmu har ta kai kasuwannin bakin teku, da kuma wa ke cin ribar da ke tsakani. Ni ɗan manomin albasa ne, da kuɗinta aka saya mini takalmin makaranta na farko. Ɗakin karatun jami'armu kuwa, littattafan da ke ciki sun girme ni. Mujallun bincike na waje in ka buɗe a intanet sai su nuna maka shafin farko, ka fara gyara zama, sai su ce kawo dala. Malamina ne ya nuna mini wani rumbu a intanet inda masana fanninmu na ƙasashe daban-daban suke zuba rubuce-rubucensu kyauta. Ban yarda ba. Kyauta, a wannan zamanin? Na daɗe ina leƙawa ina fitowa, ina jiran shafin da za su nemi lambar katin banki. Shiru. Daga nan na shiga saukewa ba ji ba gani, har wayata ta fara ƙorafin ba wuri.

A nan na karanta yadda albasar arewa ke shiga Ghana, da tsarin maigida mai sauke baƙo da kayansa, da dillalai, da matan da ke sari. Na karanta har na fara jin kamar a kasuwar aka haife ni. Malamina ya ce karatu bai isa ba, in je in gani da idona. Allah da ikonsa ina da kawu a can, Kawu Hamidu, ƙanen mahaifiyata, dillalin albasa ne da ke zaune a unguwar Mamobi cikin Ankara tun kafin a haife ni.

Hanyar da manyan motocin albasa ke bi ta arewa yanzu ba ta mai son ransa ba ce, don haka ta Legas na zagaya. A motar da ta ɗauke mu daga can aka haɗa ni kujera da wani mutum mai kwat ba taye, ya rungume jaka a cinya kamar jariri. Bahaushe ne, amma yawan tambayarsa bai kwanta mini ba. Ina za ka? Wajen wa? Me ka ɗauko? Na ce masa ta'aziyya za ni, na dafe aljihuna, na ƙi ko gyangyaɗi. Da ya miƙo mini dabino ma cewa na yi haƙorina na ciwo.

Kan iyaka kuwa, ku da ba ku taɓa fita ba ku gode wa Allah. A sauka, a yi layi, a buga hatimi, a hau, ba ka gama miƙe ƙafa ba a sake cewa a sauka. A Seme wani jami'i ya ɗaga katina na allurar shawara yana haska shi da rana, ya murza shi, ya ce na bogi ne. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya. Mai kwat ɗin nan ne ya taka mini ƙafa, ya ja jami'in gefe suka yi ƙus-ƙus, sai ga katina ya dawo hannuna. Maimakon in gode masa sai zargina ya ƙaru, na ce lallai bakinsu ɗaya. A Lome ya sauka. Ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, ka yafe ni. Tun daga Legas na ɗauka kai jami'in hana fasa-ƙwauri ne, don na ga duk motar kaya da muka wuce sai ka bi ta da ido. Turare ne a jakata.” Ashe tsoron juna muka yi ta ji tsawon hanya, ni da dabinon da na ƙi ci ga yunwa tana cina.

A Aflao, ƙofar shiga Ghana, wata jami'a ta zazzage jakata ta ci karo da ƙullin kuka da mahaifiyata ta ba ni in kai wa Kawu. Ta kwance, ta ga koren gari, ta dube ni, ta kira wani. Na ce miya ake yi da shi. Ta ce in ci ta gani. Haka na tsaya a gaban jama'a ina lasar ɗanyar kuka, leɓena kore shar, wasu mata 'yan kasuwa suna ta dariya har da tafawa.

Daga tasha na shiga ƙaramar motar haya da suke kira torotoro zuwa Nima, na ƙarasa Mamobi a ƙafa da tambaya. Lungunan wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. Hausa kuwa ko'ina, daga bakin mutanen da in ka gan su ba za ka ce sun ji “zo” ba, sai dai a cakuɗe take da Turanci da yarukan can. Gidan Kawu gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Matarsa, Anti Memuna, haifaffiyar nan ce. Ta ba ni kujera da ruwa ta ce, “Kawunka yana masallaci, yanzu shi zai zo. Sha ruwa.” Kawu ya shigo, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai kawai ya gyara zama ya ce, “To, me ke tafe da kai?”

Mutumin da muka yi ta waya da shi kafin in taso! A gida wa zai tambayi baƙo abin da ya kawo shi ƙurar hanya ba ta bar ƙafarsa ba? Na ce a raina ko dai ba a yi murna da zuwana ba. Daga baya na gane al'adar ƙasar ce suka ɗauka: ko an san dalilin zuwanka, sai an ba ka ruwa an tambaye ka, ka faɗa da bakinka kowa ya ji.

Abinci kuma, da safe aka kawo mini shinkafa da wake a ganye, ta yi jaja-jaja, an ɗora mata taliya da garin kwaki da ƙwai da ganda da wani baƙin yaji da suke kira shito. Na ce wannan abinci ne ko taron dangi? Amma wallahi na cinye tas. Dokunu, wani tuwon masara nasu, shi ne muka ɓata da shi. Loma ɗaya na ji tsami, na ture kwano a hankali ina zaton kwanannen tuwo aka ba ni don a gwada ni. Anti Memuna ta ce haka ake cinsa, tsamin shi ne daɗin.

Duk tambayar da na yi wa Kawu a kan sana'arsu a gida, amsarsa ɗaya ce, “Ba yanzu ba.” Ya ce ita kasuwar albasa an mayar da ita can bayan gari, amma maganar da ke juya ta a nan unguwa ake yanke ta, a wata rumfar kwano kusa da masallaci inda manyan dillalai ke zama bayan la'asar. “Zan riƙa zuwa da kai. Ka gaishe su, ka zauna, ka kama bakinka. In lokaci ya yi ni zan gabatar da kai.”

Shugaban majalisar Alhaji Seidu ne, dattijo mai farin gemu da ba ya ɗaga murya. Kusa da shi Malam Idi yake zama, aminin Kawu, shi ke zuba shayi. Tun ranar farko idonsu na kan wayata. Wani ya tambaye ni ko ni ɗan jarida ne. Wani ya ce ko dai mutanen haraji ne suka fara ɗaukar Hausawa aiki. In na zo sai hirar ta koma ta ƙwallo da tsadar haya. Ni ma ban yarda da su ba, na ƙudurta a raina cewa akwai abin da suke ɓoyewa. Kwanaki suna tafiya, guzurina yana ƙarewa, ni kuwa ban samu ko layi ɗaya na bincike ba sai shayi da nake ta ɗurawa.

Ran nan Alhaji Seidu ya dube ni yana murmushi ya ce, “Ɗan boko, ban da hawayen da take sa mata, me ka sani game da albasa?” Aka bushe da dariya.

Kun san halina, ba na son raini. Kawu ya zungure ni da gwiwa, na yi kamar ban ji ba. Na fara zubo abin da na karanta: yadda a gona ake cika buhu har a yi masa hula a ɗinke, yadda take ruɓewa a hanya saboda tsaye-tsayen shingaye, yadda farashi ke faɗuwa in ta manoman Ghana ta fito. Na ga sun yi shiru, na ɗauka burge su nake yi. Sai na ƙara da cewa, “Abin da nake son sani, Alhaji, in kaya sun iso aka juye manyan buhunan nan, aka tsince, aka sake ɗurawa a ƙanana har yawan buhu ya ƙaru, rarar ta wace ce? Ta mai kaya ce ko ta maigida?”

Malam Idi ya ajiye butar shayi. Ba wanda ya kalle ni. Duk idanu kan Kawu suka koma.

Abin da ban sani ba, don ba a rubuta shi a ko'ina ba, shi ne a wurinsu duk abin da baƙo ya furta a majalisa ana ɗora shi ne a kan wanda ya sauke shi. Na biyu kuma, a 'yan shekarun nan manoma a wasu garuruwan arewa sun fara ƙin yi wa buhu hula, suna cewa a kawo sikeli. Dillalan nan sun daɗe suna zargin cewa a cikinsu akwai mai kai wa manoma labari. Ga Kawu, danginsa kaf manoman albasa ne. Ga kuma ɗan 'yar'uwarsa ya zo daga gida yana faɗin abin da ko yaransu na kasuwa ba sa faɗa da ƙarfi.

Malam Idi ya ce, “Na daɗe ina cewa ɓarakar daga cikin gida take. Ashe kai ne, Hamidu.”

Kawu ya miƙe tsaye. “Wallahi tallahi ban taɓa yin wannan magana da yaron nan ba, ko da wani nasa.”

“To a mafarki ya gani?” in ji Malam Idi.

Na buɗe baki zan yi bayani, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Ya ce har sai an gano bakin zaren, kada Hamidu ya sauke ko mota ɗaya, baƙinsa a raba wa wasu. Ku fahimci abin da wannan ke nufi: dillalin da aka karɓe wa baƙi an karɓe masa tukunyar gidansa ne. Kuma a lokacin akwai motar wani tsohon baƙon Kawu a hanya, ta kusa isowa.

Muka koma gida. Sai bayan magariba Kawu ya kira ni ɗaki ya ce, “Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wa ya turo ka? Ƙungiyar manoman gida ce? Ko babanka ne?” Wannan tambaya ta fi komai yi mini ciwo. Na ce Kawu, karantawa na yi, na miƙa masa wayar. Ya ture hannuna ya ce shi ba ya jin Turanci, kuma ko yana ji, wa zai zauna ya rubuta sirrin kasuwa ya baza a banza? Anti Memuna ta dire mini kwanon abinci har miya ta fantsalo. Ban iya ci ba. Kunya da haushin kaina suka hana ni.

Da safe Anti Memuna ce ta tare ni a bakin famfo. “Kai, wannan abu da ka ce yana cikin waya, kowane waya zai buɗe shi?” Na ce kowace. Ta ce, “To kar ka nuna musu naka, za su ce kai ka rubuta. Ka ce a kira Anti Akos mai kemis. Shi ba Bahaushe ba ne, ba ruwanshi da albasa, kuma duk maganin hawan jininsu wajenshi suke saya.” Mace take nufi, Hausarsu ta can ba ta raba namiji da mace.

Bayan la'asar na tafi majalisa ni kaɗai, don Kawu ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Na durƙusa na ba da haƙurin katsalandan da na yi, na roƙi a ba ni dama in nuna inda na samo maganar. Malam Idi ya ce, “Yaran yanzu? Jiya da dare zai iya ƙirƙiro ta.” Na ce to kada a taɓa wayata, a kira mai kemis ta buɗe a tata. Alhaji ya aika a kira ta.

Anti Akos ta tsallako titi da tabarau a goshi, tana mitar an taso ta daga ciniki. Sunan rumbun kawai na faɗa mata, na koma gefe na naɗe hannu. Ita da kanta ta rubuta albasa da Ghana. Rubuce-rubuce suka jero. Ta buɗe wannan ta rufe, ta buɗe wancan, tana karantawa a hankali tana juya musu da Hausarta mai haɗe da yarensu. Can sai ta ce, “Ei, Alhaji! Ga shi nan. Buhu babba ya zo, ku juye, ku sa a ƙarami. Wannan abu duk duniya ya sani!”

Wani dattijo ya ce a'uzubillahi. Ta ci gaba. Ta karanto inda aka bayyana cewa maigida ne ke ciyar da baƙo ya ba shi makwanci, shi ke tsaya wa matan da ke ɗaukar kaya kafin su sayar, in ɗaya ta ɓace shi ke ɗaukar asara, kuma wani kaso na kowace mota ruɓaɓɓe yake isowa. Nan na ga Alhaji ya fara gyaɗa kai. Ya ce, “Wannan kam bai yi mana ƙarya ba.” Ni kaina sai a lokacin na lura cewa rabin da ya yi mini daɗi na riƙe, na bar rabin da ke kare su.

Alhaji ya ce ta duba yaushe aka rubuta. Ta faɗi shekarar. Suka lissafa a tsakaninsu, ashe tun kasuwa tana tsohon wurinta ne a cikin gari. Alhaji ya shafa gemu ya ce, “Tsaya. Ba a lokacin ne wasu masu takardu suka yi ta zuwa suna mana tambayoyi ba? Har muka riƙa saya musu lemo? Idi, ba kai ne kake musu tafinta ba?”

Malam Idi ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ya riga ya goge.

Alhaji ya juyo gare ni. “Nawa ake biya kafin a karanta?”

“Ko kwabo, Alhaji.”

“Kowa da kowa? Har manomi?”

“Duk mai waya, in ya samu mai karanta masa.”

“To su masu zubawar me suke samu?”

Na ce a iya sanina so suke ɗalibi irina da ba shi da dala, da manomi, da ɗan kasuwa, kowa ya ga abu ɗaya. Ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin kyautar da ba ta da igiya a gindi ba, kuma zai ci gaba da sa ido. Amma kafin Anti Akos ta tafi sai da ya ce ta ajiye masa duk wanda ya yi magana a kan rage ruɓewar albasa a hanya, zai zo kemis ta karanta masa. Sannan ya ce a kira Hamidu.

Kawu ya zo ya tsaya daga bakin rumfa. Alhaji ya ce, “Hamidu, zauna wurinka. Motarka in ta iso ka sauke.” Shi ke nan. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Malam Idi ya zuba shayi ya miƙa masa. Kawu ya karɓa ya riƙe har ya huce, bai kai baki ba.

Daga ranar suka fara amsa tambayoyina, wasu da gaskiya, wasu kuwa ina ji a jikina cewa shafa mini suke yi. Motar ta iso, na bi Kawu kasuwa na ga yadda ake sauke ta, na dawo ina warin albasa har cikin gashin kai. Na samu abin rubutawa fiye da yadda na zata.

Ranar da zan taho Kawu ya raka ni tasha, shi ya ɗaukar mini jaka duk da na hana. Na sake ba shi haƙuri, na ce mun gode Allah da rumbun nan ya wanke shi.

Ya ce, “Ya wanke ni kam.” Ya juya yana kallon masu lodi. “Ni da Idi a bayan mota ɗaya muka shigo garin nan, tabarma ɗaya muka kwana a kai muna samari. Da mahaifinsa ya rasu ni na yi masa wanka. Na tsaya a gabansu na rantse da Allah, ba wanda ya yarda. Sai da mai kemis ta karanta musu Turancin mutumin da ba su ma tuna sunansa ba.”

Direba ya fara buga jikin mota. Kawu ya miƙo mini jakata ta taga ya ce, “Ka gaida Yaya. Ka ce mata in an gama kakar bana, ta sa a duba mini ɗaki a gida, zan dawo.”

Da na iso na faɗa wa mahaifiyata kamar yadda ya faɗa. Ta tashi ta ɗauko tsintsiya, ta fara share masa ɗaki.